Shan kofi na ƙarfe goma da aka mayar saman bene

Majvor, ƙanwar mijina, ce ta fara ba ni labarin nan, muna bare dankali.

Akwai wata mata, Gunvor, ma'aikaciya a ofishin ruwa na ƙaramar hukumar garinsu. Ta haura sittin, gwiwa ta ci ta, da sanda take tafiya.

Kun san mu da taruwa shan kofi a ofis da ƙarfe goma na safe. A nan ake jin wa za a tura kwas, wa za a ba sabon aiki. To, sai aka kawo sabon shugaba, Rasmus, ya mayar da shan kofi saman bene, inda sai an taka matakala.

Gunvor ta zama ita kaɗai a ƙasa. Kafin bazara aka ce ba ta shiga jama'a, ba ta san sabon tsari ba, za a soke kujerarta.

Ta kai ƙara ta hannun ƙungiyar ma'aikata cewa da gangan Rasmus ya mayar da kofi sama don a rabu da ita. Wakilin ƙungiya ya ce, "Zargi ba ya tsayawa shi kaɗai, Gunvor. Wa ya ji da kunnensa?"

Ba kowa. Ita kuwa ta daina yarda da kowa, musamman Sixten, abokin aikinta da teburinsa ke jikin ofishin Rasmus. Kullum sai ya sauko mata da kofi da burodin kirfa.

"Wa ya aiko ka?" in ji ta.

"Ƙafafuna."

"Ka je ka gaya masa ban mutu ba tukuna."

"Sha kofinki, tsohuwa mai rigima, zai huce."

Ba ta taɓa sha ba. Gani take leƙen asiri ya zo yi.

Ranar zaman sauraron ƙara, ga Sixten a bayan Rasmus.

Da aka tambayi ko akwai mai magana, sai Sixten ya miƙe.

"Ni na ɗauki tukunyar kofin zuwa sama. Na ce wa Rasmus, Gunvor fa? Ya yi dariya ya ce, bari matakala ta yi mana tankaɗe."

Hukuma ta janye sallamar, aka ɗauke Rasmus daga sashen.

A bakin ƙofa Gunvor ta tare Sixten. "Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Tsoro. Ni ma shekarata hamsin da tara."

Ban yi barcin kirki ba da na ji wannan, don 'yata Ylva ma shugabar sashe ce a hukuma. Da safe na buga mata waya, ko gaisuwa ban yi ba na ce, "Ke, a wane ɗaki kuke shan kofi, kuma wa ba ya zuwa?"

Darasi: Ba sai da takarda ake korar mutum ba, wani lokaci matakala ta isa. In ka ji an shirya wa tsoho ko mai lalura irin wannan, ka buɗe baki da wuri. Ku tura wa duk wanda kuka sani yana da mutane a ƙarƙashinsa.