Shingen Ƙayar Makwarwa

"Ku matso kusa, jikokina. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu saurara, Kaka."

A gindin wata tsamiya, Makwarwa da Kurege da Kunkuru suke zaune, gida na kallon gida, ba danga ba katanga. Da damina gayya suke yi, yau gonar wannan, gobe ta wancan. In Makwarwa za ta fita kiwo, Kunkuru take bar wa 'yan tsakinta.

Sai Gizo ya tare a unguwar. Aka kira shi gayya, ya ce ƙugunsa ke ciwo. Da kaka ta yi, rumbun kowa ya cika, nasa sai iska.

Ya je wurin Makwarwa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ni ba na son tsegumi, amma Kurege cewa yake 'ya'yanki ɓarayi ne, su ke tone masa gyaɗa." Ranta ya ɓaci. Ta zuba masa tuwo don ya gaya mata gaskiya, ta saro ƙaya ta kewaye gidanta.

Ya je wurin Kurege, ya ce Kunkuru na yawo da shi a gari, wai marowaci ne. Kurege ya ba shi gyaɗa, ya kafa nasa shingen. Ya je wurin Kunkuru, ya ce Makwarwa ta rantse ba za ta ƙara bar masa yara ba, kada su koyi nawa. Kunkuru ya ba shi wake, ya ja ƙofarsa.

Gaisuwa ta mutu a unguwar. Gizo kaɗai ke shiga ko'ina, sai ƙiba yake yi.

Rannan da rani, rana tsaka, Makwarwa za ta rafi. Ba wanda za ta bar wa yara, sai ta rufe su a gida, ta toshe ƙofar da ƙaya. Ba ta daɗe da tafiya ba wutar daji ta taso.

Kurege ya fara ganin hayaƙi. Ya kwashi 'ya'yansa, ya bi ta bakin shingen Makwarwa, ya ji tsakin suna kuka. Ya ce a ransa ai uwarsu na ciki, wadda ko gaisuwarsa ba ta amsawa. Ya wuce.

Kunkuru ya jawo jiki ya iso. Ya kama ƙayar da baki yana ja, reshe bayan reshe, bakinsa na jini. Ya kira Kurege, shiru. Ya kira Gizo, ashe tuni ya cika wandonsa da iska. Wuta ta cim masa, ta babbake masa baya, dole ya shige ƙoƙonsa.

Makwarwa ta dawo ta tarar da toka.

A zaman makoki magana ta fito, kowa ya faɗi abin da aka gaya masa, suka gane bakin Gizo ne. Kurege ya miƙe zai nemo shi. Makwarwa ta ce, "Zauna, maƙwabci. Shi magana kawai ya kawo. Ƙayar nan ni na saro ta, kuma ban taɓa takowa na tambaye ka ba."

Suka koma gayya, suka koma gaisawa, amma tsakin ba su dawo ba. Har yau in kun ji Makwarwa na kuka da sassafe a cikin ciyawa, su take kira.

To, kun ji. In an kawo muku maganar maƙwabci, ku taka ku tambaye shi kafin ku rufe ƙofa, don ranar da wuta ta taso, shi ne kusa da 'ya'yanku.

Ƙungurus kan kusu, nan ta tsaya. Kowa ya naɗe tabarmarsa.