Irin Masarar Gidan Tzoc

A wani ƙauye da ke kan duwatsun wani yanki mai nisa da ake kira Totonicapán akwai wani magidanci mai suna Eusebio Tzoc. Mutum ne mai ƙwazo, mai son iyalinsa, sai dai ba a gama yi masa magana. Kana buɗe baki zai ce, "Na sani."

Gidansu na da wata baƙar masara da suka gada tun kaka da kakanni, duk ƙauyen babu mai irinta. Kowace kaka mahaifiyarsa, tsohuwa Tomasa, kan zaɓi manyan zangarnu ta ɗaure su bibbiyu, ta rataye a azarar madafi, daidai saman murhu. Nan suke shan hayaƙi har lokacin shuka.

To amma hayaƙin nan ya addabi matarsa Candelaria. Kullum idonta jajur, ga tari ba dare ba rana. Da likita ya ce ƙirjinta ya fara taɓuwa, Eusebio bai yi wata-wata ba, ya gina sabon murhu mai bututu wanda ke fitar da hayaƙi ta saman rufi. Ya kankare kunkunniya, ya shafe bango da farar ƙasa. Cikin 'yan makonni tarin ya lafa. Wannan kam ya kyauta, babu mai musu.

Wata safiya suna karyawa, Tomasa ta ɗaga kai ta dubi masarar da ke rataye.

"Eusebio, in yi maka kacici-kacici? Yana hawa sama ba tsani, yana sa kuka ba duka."

"Hayaƙi mana, Inna. Ai ni na kore shi daga gidan nan."

"Ka kore shi, madalla. To wa ka bar wa gadin iri? Ka kafa 'yar rumfa a bayan gida, mu mayar da masarar can, in riƙa..."

"Na sani, Inna, na sani. Masara ba nama ba ce da za a ce sai an yi mata banda. Bushewa take so, kuma ga ta a bushe."

"Sannu malamin gona," in ji Candelaria tana dariya. "Ka bari ta ƙarasa mana."

Ina! Ya riga ya saɓa addarsa ya fice. Tsohuwa ta sake tayar da zancen sau biyu, bai saurara ba. Ita kuma ƙafa ta ƙi, ba ta iya hawa ta sauko da masarar da kanta.

Da lokacin shuka ya zo, Eusebio ya taka kujera ya ciro zangarniya ɗaya. Sai ya ji ta sakayau a hannunsa. Ya ɓare ɓawon, gari ya zubo masa a fuska, ƙwari suka watse ta ko'ina. Ya ciro ta biyu, ta uku, har ta ƙarshe. Kowace ƙwaya da hudarta. Sauran masarar kuwa an daɗe da niƙe ta an cinye.

Ya bi ƙauyen gida-gida yana tambaya ko akwai wanda aka taɓa sam wa irin. Babu. Da yamma ya dawo da farar masarar kasuwa a ƙullin leda, ya durƙusa gaban uwarsa, kunya ta hana shi ɗaga ido.

Tomasa ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana juya ƙwayoyin a tafin hannunta, sannan ta ce, "Lokacin yaƙi, da muka gudu daji, kakarka ta bar komai, amma ta ƙulle masarar nan a bakin zanenta. Soja bai raba mu da ita ba."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abu ɗaya yakan cutar ta wani gefe ya amfanar ta wani. Eusebio bai yi laifi ba da ya raba matarsa da hayaƙi. Laifinsa shi ne bai tsaya ya ji aikin da hayaƙin ke yi na kare iri daga ƙwari ba kafin ya kore shi. In za ka kawar da abin da ka tarar a gida, fara tambayar waɗanda suka riga ka, kuma ka bari su kai ƙarshen maganarsu.