Cima da Gulbin da Ya Sauya Kwanciya

To, ku matso kusa. Ladidi, saki kunnen ƙanenki, ba mariƙin tukunya ba ne. Ga ta nan, ga ta nanku, daga bakin gulbi ta taho.

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Wasu ƙasashe ne guda biyu, ƙasar Rimi a yamma, ƙasar Giginya a gabas. Sarkin Rimi sunansa Tunau, na Giginya kuwa Jatau. Tsakaninsu akwai wani gulbi, Gulbin Jan Ruwa. Tun kaka da kakanni aka yanka baƙin sa a bakinsa, aka rantse cewa shi ne iyaka. Abin da ke yamma da shi na Rimi, abin da ke gabas na Giginya. Kowa ya san nasa, kowa na barci da munshari.

A gaɓar yamma akwai wani ɗan ƙauye, gida goma sha biyu, ana ce masa Tungar Kwaɗi. A nan wata tsohuwa take, sunanta Cima. Mijinta ya rasu, ya bar mata gona da sungumi da jikoki huɗu. Cima gajera ce, amma bakinta ya fi ta tsawo.

Sai wata shekara, can ƙarshen damina, gulbi ya cika ya tumbatsa. Da ruwa ya janye, sai mutane suka ga abin da bai taɓa shiga kunnensu ba. Gulbi ya bar makwancinsa. Ya zagaya ta bayan Tungar Kwaɗi, ya koma yamma da ita. Tsohuwar hanyarsa ta zama yashi zalla. Tunga ta tsaya a tsakiya, ruwa a yamma, yashi a gabas, amfanin gonarta kuma ruwa ya tafi da fiye da rabi.

Sai Sarki Jatau ya ce, "Kakanni sun ce gulbi ne iyaka. Gulbi kuwa inda ruwa yake. Tunga ta zama tawa."

Sai Sarki Tunau ya ce, "Kakanni sun yanka sa a wuri sananne. Jinin yana cikin wancan yashi. Tunga tawa ce yadda take."

Tunau ya tara mazan Rimi kaf, ya jera su a bakin ruwa da kwari da baka. Jatau ya tara mazan Giginya kaf, ya jera su a bakin yashi. Kowa ya rantse, duk wanda ya taɓa ƙasar Tunga da ƙarfe, kibiya ce za ta gaishe shi. Haka suka zauna rani guda suna hararar juna ta saman rufin talakawa.

To, a ƙasashen nan akwai al'ada. Ko ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ba mai saran shuka sai sarkinsa ya sa an buga tambarin shuka. Tambarin da ka ji ka yi shuka da shi, mai tambarin nan ne sarkinka. Ba a taɓa karya wannan ba, ko mahaukaci bai gwada ba.

Ran nan sai hadari ya haɗo, ruwan shuka ya sauka. Da safe Cima ta je gona, ta tura hannu cikin ƙasa, lema ta kai mata gwiwar hannu. Ta dunƙula ƙasar, ta dunƙulu. Ta san lemar nan kwana uku za ta yi. Rumbunta ba kome sai gora ɗaya ta irin gero da ta toshe da toka, jikokinta kuwa tafasa suke ci safe da yamma. In lema ta wuce ba a shuka ba, baɗi sai dai a ƙirga kaburbura. Ta kasa kunne yamma, shiru. Ta kasa kunne gabas, shiru.

Sai ta ɗaure zane, ta ratsa ruwa zuwa wurin Sarki Tunau, tana tafe tana waƙa:

"Lema, lema, dakata mini,
Irina na gora yana jira.
Gulbi ya tashi ba sallama,
Sarki biyu, tambari shiru."

Ta faɗi ta yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, a buga mana tambari."

Tunau ya ce, "Ku na wane ne?"

"Naka, in ji ka."

"To, ku yi haƙuri in kori wancan tukuna."

"Ranka ya daɗe, lema ba ta jin haƙuri."

"Ke tsohuwa, wannan maganar ƙasa ce, ba ta gero ba."

Cima ta ce, "Allah ya ja zamaninka. Ni dai da ruwan ciki na ga ana jan na rijiya." Dogarai suka rako ta har bakin ruwa, ba don girmamawa ba.

Kashegari ta tura hannu cikin ƙasa, lema ta ja baya. Ta dunƙula, dunƙulen ya tsage. Sai ta ratsa yashi zuwa wurin Sarki Jatau, tana waƙarta.

"Ranka ya daɗe, a buga mana tambari."

Jatau ya ce, "Ku na wane ne?"

"Naka, in ji ka."

"Madalla. Ku yi haƙuri in kori wancan tukuna."

Cima ta ɗaga kai ta dube shi. "Zaki, kai da Sarkin Rimi nono ɗaya kuka sha ne? Amsarku ko tagwaye sai haka."

Aka rako ta har tsakiyar yashi, wannan karon da sauri.

Rana ta uku, tun hantsi bai yi ba, ta tona ƙasa. Sai da ta yi zurfin yatsa kafin ta ji sanyi. Ta zauna ta yi kuka, kuka na gaske, don ta ga yunwa tsaye a ƙofar ɗakinta. Da ta share hawaye sai fushi ya zo. Ta ce, "Na je wa sarki, na je wa sarki. Saura wanda ya haddasa fitinar."

Ta nufi kwanar da gulbi ya karya. A wurin akwai wani tudu baƙi, da tsohuwar tsamiya a kansa. Ta hau tudun, ta riƙe ƙugu, ta fuskanci ruwa.

"Kai gulbi! Babba da kai, ka tashi ba sallama? An ba ka amanar iyaka, ka yar a yashi ka yi gaba. Ko akuya aka ɗaure a turke ta fi ka riƙon alkawari!"

Sai tudun ya yi numfashi.

Yara, ni da nake ba ku labarin nan, tsigar jikina tashi take. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafarta. Can gaba wani abu ya buɗe, rawaya, faɗinsa ya kai masussuka, ashe ido ne. Tudun nan ba tudu ba ne. Kada ne, kakan dukkan kadoji, ya daɗe a kwance har tsamiya ta tsiro a bayansa ta tsufa. Tsuntsaye suka yi tsit. Ruwa ma ya tsaya cak yana saurare.

Murya ta fito daga ƙasa, a hankali. "Wace ce ke faɗa a bayana?"

Bakin Cima da ya fi ta tsawo, ranar nan ya gajarce. Ta durƙusa. "Kaka, ni ce, Cima. Ban san da mutum a wurin ba."

"Ni ma ban san da ke ba. Haƙarƙarina ne ya gaji, na juya. In na juya, gulbi ya bi ni. Me ya faru?"

Ta kwashe labari ta gaya masa, da sa, da rantsuwa, da tambari, da gorar iri.

Kada ya ce, "Riƙe tsamiyar nan da kyau, jikata."

Sai ya fara tashi. Ya tashi, ruwa na zuba daga jikinsa. Ya tashi, ya wuce kan giginyu. Ya tashi, har shamuwa na shawagi a ƙarƙashin ƙafar Cima. Ta buɗe ido, sai ga duniya shimfiɗe kamar tabarma, ba ta ga ƙarshenta ba. Ta ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan."

Kada ya ce, "Dubi gabas. Me kika gani?"

"Na ga hanyar yashi, wadda gulbi ya bari."

"Bayanta fa?"

"Wata hanyar, ciyawa ta rufe ta. Da wata. Da wata. Kaka, har bakwai!"

"Duk makwancina ne. Kowace ɗaya an yanka sa a bakinta, an ce iyaka ce har abada. Kin ga waɗancan tuddai masu zagaye? Ganuwar birane ce ta narke. Masu ita sun yi yaƙi a kan hanya ta huɗu. Na manta sunansu."

Cima ta duba, ta sake dubawa. Ta ga inuwar girgije ta taso daga Giginya ta shiga Rimi, ba wanda ya tare ta. Ta ga garken shanu ya ratsa yashi yana kiwo. Ta nemi wurin da Rimi ta ƙare Giginya ta fara, ta rasa.

"Kaka, to ina iyakar take?"

"Tana bakin mutane. In biyu suka yarda, ga ta nan, ta fi dutse ƙarfi, kuma tana hana faɗa. In suka daina yarda, ko ni ba na iya riƙe ta."

"To ka koma inda kake mana."

"Sai bayan shekara saba'in, in wannan haƙarƙarin ya gaji."

"To ka ba mu izinin shuka."

"Ban taɓa ba kowa ƙasa ba, ban taɓa hana kowa ba. Amma kin zo da ido. Dubi gonaki."

Ta dubi gonakin Rimi, tun daga bakin ruwa har inda sama ta taɓa ƙasa. Jiƙaƙƙu, baƙaƙe, ba mutum ko ɗaya. Ta dubi na Giginya, haka. A nan ta gane. Ba Tunga kaɗai aka hana tambari ba. Kowane sarki ya ƙi bugawa a ƙasarsa, don ya san da an buga, mayaƙansa za su watse su tafi gona. Mayaƙan nan kuwa manoma ne. Kowannensu ya bar gorar iri a ɗaki, kuma lemarsu ma yau take ƙarewa.

Kada ya sauka a hankali, ya kwanta, ya rufe ido, ya koma tudu.

Cima ta sheƙa gida, ta ɗauko sungumin mijinta da gorar iri. Mazan Tunga suka tare ta. "Inna Cima, ba a buga tambari ba! Za su harbe ki!"

Ta ce, "Kibiya mutum ɗaya take ɗauka. Ku ba ni hanya."

Ta shiga gonarta, inda mayaƙan bakin ruwa ke ganinta, na bakin yashi ke ganinta. Ta ce bismillahi, ta ɗaga sungumi, ta sara. Tim! Ta zuba iri, ta rufe da diddige.

Sarki Tunau ya ce, "Ku harba!" Sarki Jatau ya ce, "Ku harba!"

Kibiya ɗaya ta taso daga yamma, ta cake a gabanta. Cima ta tsuguna, ta zare ta, ta zuba iri a ramin, ta rufe da diddige. Ta ɗaga murya ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan! Ka rage mini sara ɗaya."

Ta ci gaba. Tim, ta zuba, ta rufe. Tim, ta zuba, ta rufe. Iska ta ɗauki ƙanshin ɗanyar ƙasa ta kai bakin ruwa, ta kai bakin yashi. Sai wani dattijo cikin mayaƙan Rimi ya sunkuya, ya tura yatsa a ƙasa, ya ji inda lema ta tsaya. Ya dubi rana. Ya rataye bakansa, ya juya ya kama hanyar gida. Na kusa da shi ya bi shi. Can gabas wani ya yi haka. Sai goma, sai ɗari, sai hanyoyi suka cika da maza suna gudu, ba gudun tsoro ba.

Tunau ya ga haka, ya ce, "Maza a buga tambari, a ce ni na sallame su!" Aka nemi makaɗi, ashe shi ma yana da gona.

Kafin azahar, tun daga ƙarshen Rimi har ƙarshen Giginya, sungumi ne ke tashi yana sauka. Dubu kan dubu, tim, tim, tim, har ƙasa na amsawa a ƙirjin mutum. Tsofaffi sun ce ba a taɓa jin tambari mai girman wannan ba, kuma ba a san na wane sarki ba ne.

Sarakuna biyu suka rage, kowa shi kaɗai a gaɓarsa, ga iyaka, ba mai tsaronta. Suka daɗe a tsaye. Daga baya Jatau ya tattare riga ya ratsa yashi, Tunau ya naɗe wando ya ratsa ruwa. Suka haɗu a bakin gonar Cima, don su yi maganar da ya kamata su yi tun farkon rani. Ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba, saura mata kunya uku ta shuka kafin rana ta faɗi.

Ta ce, "Ranku ya daɗe, ku ɗan matsa. Kun tsaya a kan shuka."

Suka matsa.

Ƙurunƙus kan kusun gona, in da ƙarya a ciki ku tambayi kada in ya farka. Iyaka abu ce mai kyau, 'ya'yana, amma don masu rai aka yi ta. Sarkin da ya tsare gefen ƙasarsa ya bar cikinta da yunwa, zai waiwaya ya ga ba kowa a bayansa. Ku tashi haka nan, kowa ya kakkaɓe tabarmarsa.