Masarar Direba da Kajin Maƙwabcinsa

Akwai wani bawan Allah da kowa a layinsu ke kira Direba, ko da yake ya daɗe da ajiye makullin mota. Ƙuruciyarsa kaf a kan sitiyarin babbar mota ya yi ta, yana jigilar hatsin mutane daga gari zuwa gari. Da idonsa ya fara yi masa hazo-hazo idan rana ta faɗi, sai ya haƙura ya dawo gida ya zauna.

A bayan gidansa akwai ɗan fili da ciyawa da tsofaffin tayoyi suka cinye. Wata safiya ya tsaya yana kallon wurin, hannu a ƙugu, ya ƙwala wa matarsa kira.

"Uwar biyu! Bana masara zan shuka a nan."

Ana kiranta Uwar biyu ne saboda tagwayen 'yan matan da ta haifa masa. Ta leƙo tana murmushi, ta ce, "Baban biyu, kai da ko tumatir ba ka taɓa shukawa a gwangwani ba?"

"To bana za ki gani da idonki."

Katanga ɗaya ta raba su da wani mai kiwon kaji, wanda ake ce wa Mai-kaji. Mutum ne mai son raha, amma rahar tasa tana da ƙaya. Ranar da ya ga Direba ya sunkuya yana sassabe, sai ya ɗora haɓa a kan katanga.

"Direba, sannu da ƙoƙari! Amma fa ka sani, fartanya ba ta da giya. In ka gaji kada ka nemi ribas."

Direba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ci gaba da aikinsa.

Abin bai tsaya nan ba. Da shuka ta fito, kajin Mai-kaji suka bi ta wata kafa a gindin katanga, suka tone kunya guda cur. Direba ya je ya yi masa magana cikin mutunci. Mai-kaji ya ce, "Haba Direba, ai taimakonka suka yi. Sun rage maka wahalar abin da ba zai yi ba."

Wannan magana ta yi wa Direba zafi. Ya toshe kafar da bulo, ya kuma toshe zuciyarsa. Daga ranar, in sun haɗu a ƙofar gida, gaisuwa ce sama-sama, kowa ya kama gabansa.

Sai Allah ya sa masarar ta yi. Kai, ta yi ƙwarai! Ta fi Direba tsawo, wasu karan har goyo bibbiyu. Ya bar ta ta bushe a tsaye, sannan shi da tagwayensa suka karye ta, suka ɓare, suka tara a tsakar gida. Tsibi guda, jawur kamar garwashin wuta.

Direba ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya zagaya tsibin, ya dawo, ya sake zagayawa.

"Uwar biyu, duk shekarun nan hatsin mutane nake ɗauka. Yau ga nawa! Nawa na kaina!"

Murna ta ɗan ja baya da aka zo casa. Suka zauna a tabarma suna murje ƙwayar daga jikin totuwa da babban yatsa. Kafin azahar yatsun tagwaye sun yi bororo. Uwar biyu kuwa cikinta ya tsufa, zama ma da ƙyar take yi. Aka duba abin da aka samu, ko kwano babba bai cika ba, tsibin kuma yana nan kamar ba a taɓa shi ba.

Ɗaya daga cikin tagwayen ta ɗaga hannunta ta ce, "Baba, in haka za mu yi, sai mun yi furfura ba mu gama ba."

Direba ya kai dubansa kan tsohon kekensa da ke jingine a bango. Mutum ne da ya sha kwana a ƙarƙashin mota yana gyara, ƙarfe bai taɓa ba shi tsoro ba. Zumbur ya miƙe.

Ya kafe keken a kan katako, ya cire tayar baya. Ya samo faifan katako ya jera masa kawunan ƙusoshi, ya ɗaura a gurbin tayar. A ɗaya gefen kuma ya haɗa kacar keken da ƙaramin injin niƙa na hannu da Uwar biyu ta jefar a lungu saboda yana karya mata kafaɗa. Ya yi ta ƙwanƙwasa, yana kwancewa yana ɗaurawa. Gwajin farko kaca ta zame. Na biyu masara ta yi tsalle ta doki goshinsa, tagwaye suka faɗi ƙasa don dariya.

Da ya sake gyarawa, ya hau sirdi ya ce, "Bismillah. Sa mata masara!"

Ya taka feda. Sai ka ji karrrr! Ƙwaya ta dinga feshi cikin baho kamar ruwan sama a kan kwano, totuwa ta faɗo tas, ko ƙwaya ɗaya babu a jikinta.

Gidan ya kaure da ihu. Tagwaye suna tsalle suna rige-rigen miƙa masara. Direba yana taka feda yana danna ƙararrawar keke yana cewa, "A ba da hanya! Babbar mota ta taso!" Uwar biyu ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Baban biyu, ka bari kada ka sa ni haihuwa yanzu!"

Suka sheƙe ƙwayar a iska, suka zuba kwano guda a injin niƙa. Gari ya fara zubowa, da ɗuminsa, ƙamshi ya cika tsakar gida. Uwar biyu ta tankaɗe, ta dangwala da yatsa ta sa a baki. Ta dubi mijinta ta ce, "Wallahi na kasuwa bai kama ƙafar wannan ba." Direba ya ji kamar an ba shi kyautar sabuwar mota.

Cikin 'yan kwanaki suka cashe tsibin duka. Sai dai da Direba ya ciji ƙwayar, ya ji ba ta yi ƙaras yadda yake so ba. Saboda haka kullum da safe sai su baza ta a kan tabarmi a tsakar gida ta sha rana, da yamma su kwashe. Damina ta riga ta yi sallama, hankalinsu kwance.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Direba ya fita. Mai-kaji ne tsaye, yana murza hularsa a hannu, ba raha ba ƙaya.

"Maƙwabci, wurinka na zo. Injin niƙan kasuwa ya lalace, an ce sai an kawo kayan gyara daga nesa. Ga 'yan tsaki na ɗauko sababbi, ɗaki guda. Ina da masara, amma ba za su iya haɗiyar ƙwaya ba, sai an ɓarza. Tun jiya sun fara faɗuwa. Ka taimaka min da injinka."

Direba ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga tafin ƙafa. Ranar da yake jira ke nan. Ya gyara tsayuwa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Injina? Ai na ɗauka fartanya ba ta da giya. Ka je ka tambayi kajinka, su da suka san abin da zai yi da wanda ba zai yi ba."

'Yan tsaki na neman tsaki, shi kuwa Direba tsaki ya ja, ya juya ya rufe ƙofa.

Ya koma ya hau kekensa yana fito. Amma fiton bai yi nisa ba. Ta bayan katanga yana jin kukan 'yan tsaki, siriri, babu ƙarfi. Yana kuma jin matar Mai-kaji tana ta fama da turmi ita kaɗai, bugu ɗaya, hutu ɗaya. Ya san turmi ba zai ciyar da ɗaki guda na 'yan tsaki ba.

Uwar biyu tana zaune a inuwa, ta ji duk abin da aka yi a ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban biyu, ka rama. To ya ka ji? Ya yi daɗi?"

Ya ce, "Shi ya fara."

"Na sani. Amma kajin nan su ne abincin 'ya'yansa, kamar yadda masarar nan take abincin naka. Kuma 'yan tsakin ba su suka yi maka dariya ba."

Direba ya sauke ƙafa daga feda. Can ya sauko yana ƙunƙuni, ya ce wa tagwaye, "Ku kama min nan, ku yi a hankali da kaca."

Da Mai-kaji ya buɗe ƙofa ya ga Direba da inji a baro, sai ya tsaya yana kallonsu. Direba ya ce, "Tsayuwar me kake yi? Kawo masarar. Ni zan fara, in na gaji ka hau."

Suka sassauta injin don ya yi ɓarza. Suka yi ta karɓa-karɓa har la'asar, gumi sharkaf. Mai-kaji bai saba ba, ƙafarsa ta yi ta zamewa. Direba ya kasa daurewa, ya ce, "Taka mana! Wannan ma ba ta da ribas!" Su duka biyun suka fashe da dariya, matar Mai-kaji tana ta watsa wa 'yan tsaki abinci tana sa albarka.

Ba a daɗe ba, wata rana da azahar, naƙuda ta kama Uwar biyu ba shiri. Direba ya ruɗe. Ya kulle ɗakuna, ya tsayar da mota, ya kwashe ta da tagwaye sai asibiti. Masara tana baje a tsakar gida, ko tunawa da ita bai yi ba.

Yana kai da komo a barandar asibiti sai ya ji iska mai sanyi ta bugi wuyansa. Ya ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin ya ce wani abu, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Abincin shekara guda, gumin damina guda, yana can a fili! Ga matarsa a ciki tana fama, ba inda zai iya zuwa. Ya dafe kai ya ce, "Inna lillahi. Allah ka sauke ta lafiya, masara kuwa na bar maka."

Ruwa na tsagaitawa ungozoma ta fito tana fara'a. "Ina Baban biyu? Yau ka zama baban uku. Namiji, kuma uwa lafiya lau."

Ya yi hamdala, ya ga jariri, ya ga matarsa. Sai da hankalinsa ya kwanta sannan ya bar tagwaye wurinta, ya nufi gida ɗauko kaya, yana tafe yana lallashin zuciyarsa.

Ya buɗe ƙofa. Tsakar gida ta zama tafki, babu tabarma ko ɗaya. Amma a kan dakalin baranda ga wani tudu lulluɓe da katon tamfol, an danne gefensa da bulo. Ya ruga ya ɗaga. Masararsa ce. Ya tura hannu har gwiwar hannu. A bushe take ƙayau!

Ya dubi tamfol ɗin da kyau. Ya san shi. Rufin ɗakin kajin maƙwabcinsa ne.

Da gudu ya faɗa gidan Mai-kaji, sallama ma a guje ya yi ta. Ɗakin kaji a buɗe yake, sama fayau, ruwa kwance a ciki. Mai-kaji ya fito jiƙe jagab, gwiwarsa ta goge a katanga tana jini.

"Maƙwabci! Ina kajin?"

Mai-kaji ya ɗaga labulen ɗakin kwanansa. Direba ya leƙa. Kaji a kan gado, kaji a kan akwati, 'yan tsaki cike da ƙarƙashin kujera, wani zakara kuma ya haye kan madubi yana ƙare wa kowa kallo. Matar Mai-kaji tana tsakiya da tsintsiya, gashin kaza a ɗankwalinta.

Ta ce, "Baban biyu, ka ga aikin abokinka. Hadari na tasowa ya ce mu kwaso kaji mu zuba a ɗaki, ya yaye rufinsu, ya haura katangarka, ya buɗe mana ƙofa. Ni da yara muka yi ta jan tabarmi. Yau dai ban san inda za mu kwana ba. Ya mai jiki?"

"Ta sauka. Namiji."

Matar ta saki tsintsiya ta rangaɗa guɗa, kaji suka tashi firrr, ɗaki ya hargitse. Direba ya rungume Mai-kaji, yana dariya hawaye na zuba.

"Maƙwabci, me zan ce maka?"

Mai-kaji ya share fuska ya ce, "Kada ka ce komai. Zo ka kama min zakaran can kafin ya fasa mata madubi, in ba haka ba ni da kai duka a waje za mu kwana."

Darasi: Daɗin ramuwa ba ya wuce minti kaɗan, amma alherin da ka yi wa wanda ya ɓata maka rai yana iya tsaya maka a ranar da ba ka nan, ba ka da ikon kare kanka. Idan Allah ya ɗaga ka, kada ka yi amfani da damar wajen wulaƙanta wanda ya taɓa raina ka. Ka danne zuciya, ka taimaka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san shi da maƙwabcinsa ba sa ga maciji.