Wanda Ya Tura Motar Alhaji Tsoho

Ilu mai tumatir ya sayi tsohuwar mota a hannun Alhaji Tsoho, aminin Hakimi. Ranar ciniki an ɗumama injin tun kafin ya iso, sai ta tashi lafiya lau. Kwana biyu ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi, ta mace a hanya, tumatir ya ruɓe. Ilu ya kai ƙara fada.

Hakimi ya ce, "Alhaji ya ce a hannunka ta lalace. Kawo wanda ya ga ta mutu kafin ciniki. Ban yarda da bakanike ba, ban yarda da direba ba. Sai mutumin da ni kaina ban isa in ƙaryata ba."

Ilu ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, na janye ƙara. Alfarma ɗaya nake roƙo. Na ji Gwamna ya kira ku taro gobe. Ka bari in kai ka, talaka ma ya samu albarka."

"A wace motar?"

"Wannan dai da Alhaji ya sayar mini, tunda lafiyarta ƙalau."

Hakimi ya zabura. "Allah ya kiyaye! So kake a tuɓe ni? Akwalar da ta mace mana bara a hanyar Malumfashi, na tura ta har rawanina ya kwance?"

Alhaji Tsoho ya sunkuyar da kai.

Ilu ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na kawo mai shaida. Saura a ƙaryata shi."