Geron Irin da Aka Tuƙa wa Masu Gaisuwa

A wani ƙauye an yi wata mata, sunanta Rifkatu, wadda mijinta ya rasu da rani. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa har rumbu ya ƙare, ita kuwa ba ta iya sallamar baƙo da yunwa. Sai ta sauko da damin geron da marigayi ya rataye domin iri, ta sussuke, ta tuƙa musu tuwo.

Rifkatu tana cikin wata ƙungiyar mata. Kowace ranar kasuwa sukan zuba mudun hatsi ɗai-ɗai a rumbun ƙungiya. In damina ta zo, wadda ta zuba ta ɗebi iri, saura a sayar a ba mai neman jari. Tun rasuwar ba ta zuba ko tsaba ba, kunya kuma ta hana ta zuwa taro.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona. Rifkatu ta zauna a ƙofar ɗaki tana duban 'ya'yanta uku. In laimar nan ta wuce ba ta shuka ba, bana ba abin da za su ci.

Sai ga Inna Kande, mai riƙon makullin rumbun ƙungiya, da ƙwaryar iri a kai.

"Ke 'yar nan, zaman me kike yi? Ko gonar ce za ta biyo ki gida?"

"Inna, irin na tuƙa wa baƙi. Kuma kin san ban zuba ba."

"Yo ai mu ne baƙin! Ni malmala biyu na ci, har da ƙari. Da muka ɗaga kai muka ga damin ba ya nan, muka san abin da muka ci. Tun ranar, kowace kasuwa ɗayarmu takan zuba naki. Tashi, sauran suna bakin gonarki."

Rifkatu ta karɓi ƙwaryar hannu bibbiyu, ta saɓi sungumi ta nufi gona.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Geron irin shi ne ɗan abin hannunmu, wanda rashi kan cinye cikin kwana kaɗan. Rumbun kuwa shi ne zumuncin da Ubangiji ya ba mu, inda mudun mace ɗaya kan zama gonar wata. Ni ma da na binne maigidana, hannun mata 'yan'uwana ne ya tashe ni, ina kuwa gode wa Allah dominsu. Saboda haka in kun taru, kada ku tsaya ga waɗanda suka zo kaɗai. Ku tambayi wadda ba ta zo ba, ku zuba nata.