Jan Katin da Manbok Bai Karanta Ba

Na rantse ba za ku yarda da wannan ba, amma duk ƙauyenmu shaida ne.

Gwak Manbok mutum ne mai tsokana da cika baki. Aji biyu ya yi a sakandare ya gudo, kuma har ya fara furfura yana alfahari da hakan. "Ni da kunne nake karanta inji," in ji shi. "Takarda sai rago."

Ranar da 'yar taraktar lambun goggonsa Malsun ta fara tari da hayaki, shi aka kira. Ya canja fulogi, ya wanke kafireto, ya busa tiyon mai. A banza. Ya kara kunne, ya girgiza kai.

"Goggo, injin nan ya girme ki. Fistin ya cinye, sai sabo."

"Ya girmi ubanka dai," in ji tsohuwar. "Irin kabejina ya isa dashe. In satin nan ya wuce ban yi huɗa ba, da me zan yi kimchi, tsimin kabejin da muke ci da hunturu? Da bakinka?"

Ɗanta ya aiko da sabon inji daga birni. Da Manbok ya buɗe kwalin sai ya ga jan kati ɗaure a jikin injin. Ko kallon rubutun bai yi ba. Ya tsinke shi, ya lallaɓa ya manna a bayan rigar mai unguwa Yeom, yana ƙunshe dariya. Kafin rana ta take ya ɗora inji, ya ja bel, ya ɗaure kowane noti, ya cika tanki da fetur.

Jama'a suka taru sa albarka yadda aka saba. Aka ɗaura wa tarakta busasshen kifi da farin zare, aka yayyafa wa tayoyi giyar shinkafa, goggo ta rusuna mata.

"Ku matsa ku ga aikin gwani!" in ji Manbok.

Ja ɗaya ya yi wa igiyar tayarwa, inji ya tashi, wuri ya kaure da tafi. Manbok ya shiga lambu ya huɗa kunya ɗaya, ya huɗa ta biyu. A ta uku aka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ƙauri ya tashi. Ƙaf! Sai tsit.

Kowa ya saki baki. "Sabon inji?" in ji wata. "Ko kifin ne bai bushe ba?"

Manbok ya ja igiya, ko motsi. "Kayan zamani ke nan," ya ce, gumi na karyo masa. "Da ciwonsa ya zo."

Mai unguwa ya duƙa zai leƙa injin. Nan goggo ta hangi jan abu a bayansa. Ta ɓalle shi, ta gyara tabarau, ta karanta da ƙarfi: "Hattara. Babu baƙin mai a injin nan. A zuba kafin a tayar."

Mai unguwa ya zaro sandar gwajin mai. A bushe ƙayau.

"Wane mara kunya ne ya manna min katin nan?" in ji shi.

Idanu duk suka koma kan mutum ɗaya. Goggo ta shiga gida, ta fito da fartanya, ta danƙa wa Manbok.

"Ungo, ɗan ƙanena gwani. Ita wannan ba ta shan mai. Saura kunya arba'in, kuma kafin Asabar nake so. Je ka karanta su da kunne."

Darasin da ke nan shi ne, iya aiki ba ya hana mutum tsayawa ya karanta gargaɗi. Wanda ya raina ɗan rubutu don yana ganin ya sani, zai iya ɓata a minti biyar abin da wani ya dogara da shi shekara guda. Kuma tsokanar da ka manna a bayan wani, wata rana ita ce za ta ba da shaida a kanka.